Lallashin Bawul

"Talatin da tara... arba'in... arba'in da ɗaya."

Sitiyarin bawul ɗin, makullin bututun tururi, ya tsaya cak. Boka ya gyara tsayuwa a kan dakalin ƙarfen, ya goge tafin hannunsa a jikin wando, ya sake dannawa da iya ƙarfinsa har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ko gezau. Ƙaramin allon da ke kan bawul ɗin kuwa tuni ya kunna koriyar fitila, yana shaida wa duniya cewa a rufe yake ruf.

Ya saki sitiyarin, ya sa babban yatsa ya kankare baƙin man da ya daskare a gefen ƙarfen da ke riƙe da bawul ɗin. Lambar tana nan inda ya buga ta da ƙusa da guduma shekara goma sha tara da suka wuce, ranar da aka kafa wannan layin tururin. Arba'in da huɗu. Juyi arba'in da huɗu ne daga buɗe zuwa rufe, yau kuma ya ƙirga sau biyu, arba'in da ɗaya yake samu. Juyi uku sun ɓace. Ta cikin ratar juyi ukun nan tururi ya bi jiya ya dafa mijin ƙanwarsa.

Sunan Boka ba shi ya raɗa wa kansa ba, da farko ma har faɗa yake yi idan an kira shi da shi. A wannan masana'antar kwali akwai bawul talatin da biyu, kowanne da abin da ma'aikata ke kira kai, wato na'urar lantarki mai ɗan inji da allo, wadda ke juya bawul idan an ba ta umarni daga ɗakin kula. Kan nan ba kurma ba ne, ba kuma bebe ba. Idan wuta ta yi masa ƙaranci, ko injinsa ya ɗauki zafi, ko ya tura ya ji nauyi ya fi ƙarfinsa, sai ya tsaya ya sa jiniya ta ɗauki kuka har sai an zo an ji abin da ke damunsa. Wanda ake kira shi ne Boka. Ya kafa sukundireba a jikin ƙarfe, ya ɗora kunne a kan mariƙinta, ya lumshe ido, sai ka ji ya ce, "Batir ne," ko "Ruwa ya shiga waya." A buɗe a tarar haka ne. Mutum ya yi ta faɗin abin da ke ɓoye yana dacewa, ai dole a ce masa boka.

Jiya da ƙarfe goma na safe aka ba Dogo, mijin ƙanwar tasa, mai haɗa bututu, takardar izinin canza gaskit, wato zoben da ke hana yoyo, a mahaɗar da ke gaban bawul na tara. Mai Tabarau, wanda ke zaune a ɗakin kula, ya sa hannu cewa ya rufe. Dogo ya buɗe ɗan famfon da ke zubar da ragowar tururi har ya daina huci. Sai aka ga gaskit ɗin da aka kawo ba girmansa ba ne. Famfon yana ɗigar da ruwan zafi a kan hanyar mutane, aka rufe shi, aka tafi neman mai sito. Awa ɗaya da rabi aka yi ana nemansa. Da Dogo ya dawo ya kwance noti na uku, sai mahaɗar ta buɗe baki. Waɗanda ke nesa sun ce ba su ji ihunsa ba, ƙarar tururin ta danne komai. Cikin ruɗewa mutane suka yi ta juya sitiyarin gaba da baya a cikin hazo kafin mai kula da tukunyar tururi ya kashe wuta, saboda haka babu wanda zai iya rantsuwa a kan yadda aka tarar da bawul ɗin. Kwamfutar da ke adana abin da aka danna a ɗakin kula kuwa shekara biyu ke nan da mutuwarta.

Kafin yamma magana ta zama ɗaya a bakin kowa: Mai Tabarau bai rufe ba, hannu kawai ya sa. An karɓe katinsa. Tun safe yana zaune a ɗakin masu gadi kamar wanda aka kama da sata, yana jiran gobe, ranar da masu bincike za su zo daga ma'aikata. An ce da 'yan sanda za su zo. Shi kuma Boka an turo shi ya buɗe tarihin da kan ke adanawa a cikinsa, ya kawo wa Manaja shaida.

Ya zaro ɗan rimot ɗin saiti daga aljihu, ya nuna wa allon, ya shiga tarihin. Ga shi nan a fili. Ƙarfe goma da minti huɗu, umarnin rufewa. Goma da minti shida, ya rufu. Mai Tabarau ya yi aikinsa. Boka ya ci gaba da dannawa yana komawa baya, ba don bai san abin da zai gani ba. An canza iyakar rufewa. An canza iyakar rufewa. Ya ƙirga, sau goma sha huɗu cikin shekara shida.

Tsanin dakalin ya yi ƙara. Sanƙo ne ya hawo, ma'aikacin da Boka ya koya wa aiki tun yana da gashi, yanzu ga shi uban 'ya'ya huɗu. Ya dubi sitiyarin, ya dubi inda aka kankare man.

"Nawa ka samu, Maigida?"

"Arba'in da ɗaya."

Sanƙo ya cire hular kwano, ya shafa kansa, ya mayar. 

"Sau nawa ka lallashe shi?" Boka ya tambaya.

"Ni? Uku ne ko huɗu. Masu aikin dare ma suna yi. Kowa yana yi ai."  "Ba a rubuta sunan kowa a ciki ba ko?"

"Ba a rubuta ba. Amma na farkon ni ne."

Ya tuna ranar sarai. Wani babban aiki ne aka karɓo, ana gudu da lokaci, sai bawul na tara ya ƙi ƙarasa rufewa. Kan ya tura, ya ji nauyi, ya tsaya, jiniya ta ɗauka. Boka ya saurara ya gane tsatsa ce da dattin ruwa suka fara taruwa a mazaunin bawul ɗin. Maganinta a kashe tukunya kwana biyu, a buɗe a kankare. Manajan wancan lokacin yana tsaye a kansa yana duba agogo. Sai Boka ya shiga saiti ya ce wa kan, nan inda ka tsaya, nan ne rufe. Fitila ta koma kore, jiniya ta yi tsit. Kwatan juyi ne kawai, me kwatan juyi zai yi? Ya ce a ransa idan an yi hutun gyara na shekara zai buɗe. Aka tafa masa, aka ce Boka ya yi aiki. Shi kuma cikin jin daɗi ya ce, "Yaro idan yana kuka ai lallashinsa ake yi." Aka kwashe da dariya, kalmar ta zauna. Hutun gyaran ya zo an rage shi zuwa kwana ɗaya, na shekara mai bi masa aka soke shi gaba ɗaya. Duk wanda ya zo koyon aiki, lallashi na cikin abin da Boka ke nuna masa a watan farko, da alfahari ma, irin sirrin da ba a samu a littafi.

"Me za ka gaya wa Manaja?" Sanƙo ya ce.

"Asibiti zan je tukuna."

Bas ɗin ya cika maƙil, a tsaye ya yi tafiyar. Wata mata ta yi ta harararsa saboda baƙin man da ke hannun rigarsa, shi ko ganinta bai yi ba. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji a kan dakali mai tsayi ba. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya da sunansa mai kyau.

A bakin ɗakin masu ƙuna ya tarar da ƙanwarsa Auta, matar Dogo, zaune a kan benci, ƙafafunta babu takalmi. Ita ce ƙaramarsu, ta haura arba'in amma har yau Auta yake kiranta. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi kuma ya nema wa Dogo aiki a masana'antar lokacin da aka sallame shi daga garejin da yake. Tana ganinsa ta miƙe.

"Yaya, ka ci wani abu kuwa? Dubi idonka."

"Ya jikin nasa?"

"Ya farka da asuba. Sun ce sai an ga kwana uku kafin su ce wani abu." Ta ja shi gefe, ta rage murya. "An ce mai tabaran nan ne. An ce shayi yake sha, ya sa hannu bai ko ɗaga kai ba. Gaskiya ne?"

"Ana dubawa."

"Kai ne mai dubawar ai. Ni ba na son komai na kowa, Yaya. A nuna min shi kawai. Ko ɗan wane ne, in dube shi ido da ido in tambaye shi abin da Dogo ya yi masa. Yaran nan jiya ƙaramin cewa ya yi in kai shi ya ga Baba. In kai shi ya ga me?"

Nas ta ba shi riga da abin rufe baki, ta ce minti biyar. Ɗakin yana warin man shafawa da wani warin da bai so ya san sunansa ba. Dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, yana kwance an naɗe shi da bandeji daga wuya zuwa ƙugu, hannuwansa biyu sun zama kamar matasan kai. Rabin fuskarsa ya kumbura ya rufe ido ɗaya. A gefen gadon an rataye leda, fitsarin da ke ciki kaɗan ne, kuma baƙi-baƙi. Boka ya ga yadda nas ɗin ta dubi ledar ta kau da kai.

"Yaya," Dogo ya ce, muryarsa kamar ana jan takarda a ƙasa. "Ka zo ganin dafaffe?"

"Yi shiru, kada ka wahalar da kanka."

"An ce an kama Mai Tabarau. Ku sake shi. Na hau na duba da idona kafin in taɓa noti." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Kore ne. Na ce a raina, kayan Yaya ba sa ƙarya."

Boka ya kama ƙarfen gadon. Da Dogo ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Ka gano min abin da ya faru, don Allah. Masu zuwa bayana suna da yawa."

"Zan gano," Boka ya ce, alhali abin yana cikin aljihun zuciyarsa tun safe. Ya fito, ya ce wa Auta zai dawo da yamma. Bai iya haɗa ido da ita ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya shiga ofishin Manaja. Mutumin ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Shi ne ya ɗauki Dogo a motarsa jiya ya kai shi asibiti, har yanzu kujerar bayan ba ta bushe ba. Yana zaune gaban takardu da kwalbar maganin gyambon ciki, ga waya biyu suna ta haske.

"Malam Boka, zauna. Me ka samo?"

Boka bai zauna ba. Ya faɗi komai daki-daki, kamar yadda yake bayanin ciwon na'ura: umarnin ƙarfe goma da minti huɗu, juyi arba'in da ɗaya, canji goma sha huɗu, da wanda ya fara. Ko sunan kansa bai ɓoye ba.

Manaja ya jingina da kujera. "Wato Mai Tabarau ba shi da laifi."

"Ko na ƙwayar zarra, Yallaɓai."

"Cikin talatin da biyun nan, nawa aka yi wa wannan... lallashin?"

"Ban ƙirga ba. Sun fi rabi."

"A buɗe su duka a kankare, kwana nawa?"

"Sati uku, idan akwai kaya a sito."

Manaja ya yi wata dariya marar daɗi. "Sati uku. Ka san masu kamfanin nan dalili kawai suke nema su rufe su sayar da filin? Mutum ɗari huɗu ke cin abinci a nan, Malam Boka. Idan na rubuta abin da ka faɗa, gobe masu bincike za su sa wa ƙofa kwaɗo, kai kuma su tafi da kai, da Sanƙo, da duk wanda ya taɓa riƙe rimot." Ya buɗe kwalbar, ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Saurara. Kan ne ya lalace. Ya nuna kore alhali bai rufe ba. Wannan ƙarya ce?"

"Kan lafiyarsa ƙalau. Sau goma sha huɗu yana gaya mana gaskiya muna toshe masa baki."

"Na ji. Amma ya nuna kore ko bai nuna ba? Mu rubuta haka. Na'ura ta lalace, an cire ta, an sa sabuwa. Mai Tabarau ya koma kujerarsa yau ɗin nan. Jinyar Dogo ta hau wuyan kamfani, babu mai cewa sakacinsa ne. Kai ka yi ritayarka cikin mutunci. Wa aka cuta? A bar kaza cikin gashinta."

Abin haushi, maganar ta shiga Boka. Ya ji wani sanyi yana saukar masa a ƙirji, irin na wanda aka ɗauke wa kaya. Ya ji kunyar sanyin, amma ya ji shi. Babu wanda za a ɗaure, babu abin da Auta za ta sani. Ƙarfe ne kawai za a jefar, shi kuma ƙarfe ba shi da 'ya'ya.

"Akwai sabo ɗaya a sito," Manaja ya ce yana tura masa takarda. "Na sa a kunna tukunya, ƙarfe biyar nake son tururi ya hau. Sa hannu a nan."

"Bari in ɗora shi tukuna, Yallaɓai."

Su biyu suka yi aikin, shi da Sanƙo, da sarƙar ɗaga kaya. Suka kwance tsohon kan, suka sauke shi a kan baro, mai shara ya tura shi bayan sito inda ake tara ƙarafan da suka mutu. Sabon yana ta sheƙi, ledar ma ba a cire daga allonsa ba. Suka ɗaure shi, suka haɗa wayoyi. Sanƙo ya samu natsuwa har yana ɗan fito, don labari ya riga ya zaga cewa an gano na'ura ce.

Aka zo saiti. Sanƙo ya kama sitiyari. "In kai shi ƙasa inda ya tsaya, mu ce masa nan ne rufe?"

Boka ya dube shi. A sauƙaƙe ya faɗe ta, yadda mutum zai ce a miƙo masa ruwa. Haka aka koya masa, kuma ya koya da kyau.

"Kai shi sama," Boka ya ce.

Suka buɗe bawul ɗin har ƙarshe. Boka ya nuna wa sabon kan cewa nan ne buɗe, sa'an nan ya shigar da lambar da hannunsa: huɗu da huɗu. Sanƙo ya leƙo ya gani, fiton ya tsaya.

"Maigida, ai ba zai kai ba."

"Na sani."

Ya danna rufewa. Injin ya ɗauka a hankali, sandar bawul ɗin tana nutsewa, lambobi suna raguwa a allo. Boka ya kafa sukundireba ya saurara duk da ba ya bukata. Can ƙasa ya ji harshen bawul ɗin ya fara gurzar tsatsa, injin ya yi nishi, ya sake nishi, ya tsaya. Jar fitila ta kama. Jiniya ta tsage masana'antar da kuka, mutanen da ke ƙasa suka watse daga kusa da bututun da gudu, don abin jiya bai bar jikinsu ba.

Ba a yi minti biyu ba sai ga Manaja a gindin tsanin, ya kafa hannu a baki yana kira. Boka ya sauko.

"Mene ne kuma? Ba sabo ba ne?"

"Sabo ne. Abin da tsohon ya faɗa shi ma yake faɗa. A kashe tukunya, Yallaɓai, a buɗe bawul ɗin nan a kankare. Ko shi kaɗai ne. Kwana biyu."

"Ba ni da kwana biyu! Masu bincike su zo gobe su tarar da bawul ɗin a wargaje cike da tsatsa, bayan na rubuta cewa kai ne ya lalace?" Ya matso, ya sassauta murya. "Ka lallashe shi na yau kawai. Ƙarshen wata za mu buɗe shi, na yi maka alkawari. Har lokacin babu wanda zan bari ya taɓa wannan mahaɗar."

Boka ya san alkawarin nan. Shi ma ya taɓa yi wa kansa irinsa a kan wannan dakalin, kuma da zuciya ɗaya ya yi.

"Ba zan yi ba. Takardar ma ba zan sa hannu ba."

"Ka san abin da kake jawo wa kanka?"

"Na sani."

Manaja bai yi faɗa ba. Ya dube shi da ido jajur, ya dafa kafaɗarsa. "Ka gaji, Malam Boka. Tun jiya ba ka runtsa ba. Je ka wurin 'yar'uwarka, gobe ma yi magana."

Boka ya ɗaga kai. Sanƙo yana tsaye a kan dakalin, hannuwansa biyu a kan ƙarfen kariya.

"Sanƙo! Kada ka taɓa shi. Ka ji ni?"

Jiniya tana kuka, wataƙila bai ji ba. Ko kuwa ya ji, don ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Boka ya jefa rimot ɗin cikin aljihu, ya maɓalle aljihun. Rimot ɗin shi kaɗai ne a masana'antar, ɗayan ya ɓace tun bara. Ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa.

A tsakiyar fili suka haɗu da Mai Tabarau, an mayar masa da katinsa yana lilo a wuya. Ya kama hannun Boka da hannu biyu, hawaye sun jiƙa gilashin.

"Allah ya saka maka, Baba. An ce kai ka wanke ni. Matata tun jiya ba ta daina kuka ba. Ashe na'ura ce! Ni dama na san na danna."

"Ka danna," Boka ya ce. "Je ka."

Mutumin ya wuce da sauri zuwa ɗakin kula, yana goge tabarau da bakin riga. Hayaƙin tukunya ya fara tashi daga dogon bututun. Mai gadi ya buɗe ƙaramar ƙofa yana toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Yau kuma Boka ya tafi ya bar mara lafiya yana ihu?"

Boka ya wuce shi. Ya fita bakin titi, wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Yaya, kana ina? Sun ce za su sa masa na'urar wanke jini. Ban gane ba, ka zo ka ji da kunnenka." Ta ɗan tsaya. "Wannan kukan mene ne a bayanka?"

"Bawul ɗin ne."

"Wanda ya ƙona shi?"

"Shi."

"Ka gano wanda ya yi?"

Ya dubi motocin da ke wucewa.  "Na gano. Ba Mai Tabarau ba ne. Ga ni nan zuwa, zan gaya miki a gaban Dogo."

"Wane ne? Na san shi?"

"Kin san shi."

Yana rufe baki jiniyar ta ɗauke. Shirun ya sauka a kan titin gaba ɗaya, har ya ji ƙarar takalmin mai gadi a kan tsakuwa. Hannunsa ya kai kan aljihu, rimot ɗin yana nan. Sai a lokacin ya tuna. Wata shekara batirin rimot ya mutu ana tsakiyar aiki, ya nuna wa Sanƙo yadda ake shiga saiti da maɓallan nan biyu na jikin kan: a riƙe ja, a murɗa baƙi sau uku. Sau ɗaya tak ya nuna masa.

"Alhamdu lillahi, ya yi shiru," Auta ta ce. "An gyara ke nan, Yaya?"

Bas ya tsaya a gabansa, ƙofa ta buɗe. Ya kama ƙarfen, ya ɗaga ƙafa da ƙyar.

"A'a, Auta," ya ce. "Ba a gyara ba."